Doki 340 ko doki 450: wace motar-gida ce za ta ja Jeep ta haye duwatsun Kolorado?

Ɗan'uwa, ka ce motocin-gida biyu ne a gabanka, wato manyan motocin da ake kwana da girki a cikinsu, duka masu injin dizal a baya. Ɗaya tsawonta ƙafa 36, injinta Cummins B6.7 mai ƙarfin doki 340, giyarta Allison 2500. Ɗayar ƙafa 43 ce, da injin Cummins L9 mai doki 450, da giya Allison 3000, da ƙarin aksul a can baya. Kana so ka ɗaura Jeep Wrangler mai ƙofa huɗu a bayanta, tayoyinta huɗu a ƙasa, ka riƙa bin babbar hanyar I-70 ta jihar Kolorado a Amurka. Fargabarka kuma ita ce kada ƙaramar ta gaza a tsakiyar hawa, manyan motoci su jeru a bayanka.

Kwantar da hankalinka a kan wannan. Duka biyun za su hau, kuma gudunsu a hawan kusan ɗaya ne. Inda suka rabu da gaske wani wuri ne da ba ka tambaya ba, kuma can nake so mu fi daɗewa.

Mu fara da hawan tukuna. Doki shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka san nauyin da aka ɗora masa. Mu ɗauka ƙaramar, da mai da ruwa da kaya da mutane, ta kai nauyin fam 28,000. Jeep ɗinka wajen fam 4,500 ce. Jimla 32,500. Raba da 340, kowane doki yana jan fam 96. Babbar kuma mu ɗauka ta kai fam 40,000 da lodinta, a haɗa da Jeep 44,500. Raba da 450, kowane doki yana jan fam 99. Ka ga ƙarin doki 110 ɗin nan da ake yi maka talla, jikin motar ne ya cinye shi tun kafin a tashi. Masu wannan harka sun daɗe da ma'aunin doki ɗaya ga kowane fam 100, kuma motocin nan biyu kowace tana kan wannan layi.

Akwai lissafin da za ka iya yi da kanka. Ka ninka nauyi da tsananin hawa, ka ninka da gudu a mil, ka raba da 375. Abin da ya fito shi ne dokin da ɗaga nauyin kaɗai yake ci. Hawa mai kashi 6 cikin 100 (0.06 a lissafin), wato duk ƙafa 100 da ka yi gaba ka tashi ƙafa 6, a gudun mil 45 a awa: ƙaramar tana buƙatar doki 234, babbar doki 320. Abin da ya rage, 106 a nan da 130 a can, shi ake rabawa tsakanin iska da tayoyi da giya da fankar lagireto, wadda idan ta kama gadan-gadan takan ɗebi nata rabon mai kauri. Shi ya sa a irin wannan hawa duka biyun za ka same su wajen mil 40 zuwa 45, a layin dama, tare da tireloli. Jeep ɗin kanta doki 32 kawai take ci a wannan lissafi. Hawa mai tsawon mil 7 kuwa, a gudun mil 40 minti goma da rabi ne, a gudun mil 50 minti takwas da 'yan daƙiƙu. Minti biyu ne tsakani, kuma ban ga dalilin da mutum zai kashe dubban daloli a kansu ba.

Za a ce maka ai ƙarfin murɗa ne magana, ba doki ba. Da gaskiya a ciki, amma a san iyakarta. Ƙarfin murɗa shi ne ƙarfin da injin yake juyawa da shi, da fam-ƙafa ake auna shi: B6.7 mai doki 340 yana ba da fam-ƙafa 700, L9 mai doki 450 yana ba da 1,250, kuma yana ba da shi tun injin yana juyawa a hankali, wajen juyi 1,200 zuwa 1,400 a minti. Wannan bambanci a kujerar direba ake jin sa. Babbar tana riƙe giya ta daɗe ba ta sauke ba, ta tashi daga tsaye ba tare da nishi ba. Ƙaramar tana saurin sauke giya, injin ya ɗaga murya sama da juyi 2,000 kafin ya ba da duk abin da ke cikinsa. Amma gudun da za ka kai ƙoli da shi, doki da nauyi ne suke yanke shi. Murɗa tana sa tafiyar ta yi daɗi, ba ta gajarta dutsen.

Batun tsayin wuri kuma, nan dizal ya yi maka rana ko wace ka ɗauka. Ramin Eisenhower, inda I-70 ta ratsa ta cikin dutse, yana kan ƙafa 11,158 sama da teku, mashigar dutse ta Vail tana kan 10,662. Injin fetur marar tobo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa 1,000, don haka a bakin ramin kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Injinan nan biyu kowane yana da tobo da ke cusa iska, asararsu ba ta kai ko kusa da haka ba.

Yanzu gangara. Idan ka fito daga ramin Eisenhower ka nufi yamma zuwa Silverthorne, gangara ce mai kashi 7 cikin 100 na tsawon kusan mil 7, kuma a gefen hanyar za ka ga titunan tsakuwa da aka yi wa manyan motocin da birki ya kwance wa. Ba don ado aka yi su ba. Duk nauyin da ka wahala ka kai sama sai ka sauko da shi, kuma idan da birkin ƙafa kaɗai za ka riƙe shi, zafi zai taru a gangunan birki har su buɗe, ka taka ka ji motar ba ta amsa ba. Injin dizal kuma, ba kamar na fetur ba, idan ka ɗaga ƙafa daga totur ba ya riƙe mota da kansa sosai, sai an yi masa dabara. Clessie Cummins da kansa, wanda ya kafa kamfanin Cummins, a 1931, saura kaɗan ya yi karo da jirgin ƙasa yana gangarowa daga mashigar Cajon a Kalifoniya saboda birkinsa ya yi zafi, kuma wannan ne ya sa shi ƙirƙiro birkin injin da kamfanin Jacobs ya fara sayarwa a 1961.

A nan motocin naka suka bambanta. B6.7 yana da birkin salansa ne: fikafikan cikin tobo suna tsukewa su toshe wa hayaƙi hanya, injin ya yi ta turawa da ƙyar, hakan ya ja motar baya. Yana aiki, amma sai injin yana juyawa da sauri, kuma lita 6.7 iyakar abin da za ta riƙe ke nan. L9 mai doki 450 galibi yana zuwa da birkin matsi mai mataki biyu. Shi wannan, fistin ya matse iska har ya kusa ƙoli, sai bawul ya buɗe ya sake ta, ƙarfin da aka kashe wajen matsewa ya tafi a banza, wanda shi ake nema. Ga shi injin lita 8.9 ne. A doguwar gangara direban babbar zai iya saukowa yana taɓa birkin ƙafa jifa-jifa, yayin da na ƙaramar sai ya rage gudu sosai tun daga sama, ya zauna a ƙaramar giya, ya riƙa tallafa wa injin da ƙafa. Kada ka yarda da maganar baki a kan wannan, don akwai L9 masu ƙarancin doki da birkin salansa kawai suke da shi. Ka ba Cummins lambar injin su gaya maka abin da ke kansa, ka kuma duba makunnin da ke gaban direba, ko kunnawa da kashewa ne kawai ko yana da babba da ƙarami.

Sai maganar da ta fi damuna game da ƙaramar, wato giya da iyakar nauyi. A jikin kowace motar-gida akwai takarda mai lambobi. GVWR shi ne iyakar nauyin motar ita kaɗai da lodinta. GCWR shi ne iyakar nauyinta haɗe da abin da take ja. Motocin da ke da Allison 2500 yawanci GCWR ɗinsu fam 33,000 ne, kuma giyar ce ta kafa wannan iyaka, ba injin ba. Dillali zai nuna maka ƙugiyar baya ya ce tana jan fam 10,000. Ƙarfen ne yake iya wannan. Abin da motar take iyawa shi ne 33,000 a cire ainihin nauyinta. A lissafinmu 5,000 ya rage, Jeep ta ɗauki 4,500, saura 500. Galan ɗaya na ruwa fam 8.3 ne, don haka ƙarin galan 60 a tanki ya share wannan rata. Idan Jeep ɗin tana da manyan tayoyi da bambar ƙarfe da injin jan igiya a gaba, wataƙila ka riga ka haura tun kana ƙofar gida. Babbar mai Allison 3000 galibi an bar mata fam 10,000 na ja a kan cikakken lodinta, Jeep ba ta kai rabin wannan ba. Wannan rata ita ce take hana giyar motar yin zafi a tsakiyar Yuli.

Tunda na ambaci zafi: motoci masu B6.7 yawanci lagiretonsu a baya yake, a bayan injin, inda fanka ke hura masa ƙurar hanya da tururin baƙin mai har ƙofofinsa su toshe. Sau da yawa idan irin wannan mota ta yi zafi a hawa, datti ne ya jawo, injin lafiyarsa lau. Manyan sun fi zuwa da lagireto a gefe, yana shan iska mai tsabta, bakanike kuma yana kaiwa ga injin cikin sauƙi. Ko wace ce, idan allurar zafi ta fara tashi, ka sauke giya da hannunka, ka ɗan sassauta totur, juyin injin ya ƙaru, fanka da famfon ruwa su yi sauri.

Babbar ma tana da nata nauyin a aljihu da kan hanya. Ta fi shan mai, tayoyinta takwas ne maimakon shida, baƙin manta ya fi yawa. Ƙafa 43 da Jeep da sandar ja sun kusa ƙafa 65, wanda shi ne iyakar tsawo a jihohi da dama, kuma wuraren kwana da yawa a gandayen daji na ƙasa ba sa ɗaukar irinta. A ɗaya gefen, L9 yana da bututun ƙarfe a cikin silinda da ake zarewa a sake, B6.7 ba shi da su, amma kaɗan ne masu motar-gida da ke tafiyar da za ta kai su ga wannan gyara. Mashigar Independence ta hanyar Aspen kuwa an hana duk abin da ya wuce ƙafa 35 bin ta, don haka duka biyun sai dai ka ajiye su ka hau Jeep.

Abu ɗaya da ba ya canzawa ko wace ka saya: Jeep ɗin dole ta sami nata birkin. Jihohi da yawa suna wajabta birki ga abin da ake ja idan ya kai wani nauyi, akasari fam 3,000, kuma ko da doka ba ta ce ba, fam 4,500 yana tura ka daga baya a gangara ba abin wasa ba ne. Tunda irin waɗannan motoci birkin iska suke amfani da shi, na'ura irin Air Force One da ke karɓar iska daga motar-gidan ta dace, don tana taka birkin Jeep daidai gwargwadon yadda ka taka naka. A haɗa da igiyar da za ta danne birkin idan Jeep ta kuɓuce, Allah ya kiyaye. Kuma ka sani da Jeep a ɗaure ba a yin ribas, sai an kwance.

Idan tsakanin waɗannan biyu kawai zan zaɓa, kuma duwatsu ne hanyarka ta kullum, babbar zan ɗauka, saboda birkinta da giyarta da ratar da ta bari. Idan sau ɗaya ko biyu a shekara za ka haye Kolorado, ƙaramar ta ishe ka, da sharaɗin sikeli ya tabbatar kana ƙasa da 33,000 kuma ka yarda ka sauko a hankali. Amma da za ka ƙara haƙuri a nema, akwai na tsakiya da na fi so maka: B6.7 mai doki 360 da fam-ƙafa 800, wanda ake haɗawa da Allison 3000, ko kuma L9 a jikin mota mai ƙafa 38 zuwa 40 marar ƙarin aksul. Wannan ta ƙarshen ita ce za ta fi duka biyun naka gudu a hawa, don babban inji ne a jiki marar nauyi sosai.

Saukowar kuma haka ake yin ta. Ka rage gudu ka shiga ƙaramar giya tun kafin hanya ta karkata, giyar da ka hau da ita ko ƙasa da ita, ka kunna birkin inji. Idan gudu ya kai iyakar da ka sa wa kanka, ka taka birki da ƙarfi har ya ragu da mil 5, sannan ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya huce. Kada ka ɗora ƙafa kana jan sa a hankali har ƙasa. A kan ƙanƙara ko titi mai santsi kuma ka kashe birkin injin, don tayoyin baya kaɗai yake riƙewa.

Kafin ka ba da ko dala ɗaya, ka roƙi mai motar ku je sikelin CAT da ke tashoshin manyan motoci, a auna ta da cikakken tankin mai, a auna Jeep ɗinka daban. Ka turo mini takardun sikelin biyu da hoton lambobin GVWR da GCWR na kowace mota, mu sake lissafin da ainihin nauyinsu.