Inoks ko mai nikel, wace sarƙa za ka sa ma injin kilishi

Wa alaikumus salam Alhaji. Tunda kilishi da cuku kake rufewa cikin leda kuma sarƙar injin, wadda ke damƙe leda tana ja, ta soma sakin ledar, tsakanin inoks (ƙarhen da ba ya tsatsa) da mai nikel ɗin da ka tambaya, sayi mai nikel. Duka biyun sun ratsa ta hannuna, kuɗina na sa a kowace, shi ya sa ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Mai nikel ita ce bisa injina yanzu, shekara ukku ke nan da wani abu, kuma wallahi duk sanda na tsaya ina kallonta tana aiki raina daɗi yake ji. Ka san yadda take, ta ja ta tsaya ta ja ta tsaya, kowane ɗan bakin da ke jikinta in ya iso kan pinyo, wato ƙarhe mai haƙora da ke juya sarƙar, sai ya buɗe, ledar ta shiga, rasor ɗin, wato sifirin, ya maido shi ya damƙe, kamar yaro ya riƙe bakin zanen uwa tai. Sallar layya da ta wuce munka yi kwana tara muna aiki tun bayan asuba har isha'i saboda odar ƴan Yamai da masu kaiwa Katsina ta Ɗan Issa, ga zahi ga ƙura, yarona da ke tsaye gun injin har ya riƙa kai hannu yana taɓa ta don ya ji ko ta saki, ba ta saki ba ko sau guda. Bayan sallah na auna ta, da ƙyar na ga bambanci. Dalili kuwa a cikin ƙarhen yake: jikinta ƙarhe ne da anka gasa ya yi tauri, nikel ɗin riga ce kawai anka sa mata don tsatsa, to ƙusoshin da ke cikin gaɓoɓin ba su saurin cinyewa. Kuma galibin masu kyau, bakin da rasor ɗin su na inoks ne, wato wurin da ke taɓa leda dama ba ya tsatsa.

Inoks kam tana da ranarta, in ɗanyen nama ko kihi kake rufewa kana wanke inji da ruwa da sabulu kullum, sai ita. Iyakar abin da zan ce mata ke nan. Ni na saye ta da tsada don na ji an ce ta abinci ce, ba ta cika shekara ba ta miƙe, saboda inoks bai kai wancan tauri ba, kuma ƙurar Maradi lokacin hunturu in ta haɗu da mai cikin gaɓoɓi sai ta koma kamar yashi tana ci. Gehe guda ya hi ɗaya tsawo, leda ta riƙa tahiya a karkace tana tattarewa, liƙin bai kamawa, iska ya shiga. Katan-katan na kilishi anka maido mini, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Kai kuma kayanka busassu ne, goge inji kake da tsumma, ba wanka kake yi mashi ba, to mi za ka yi da ita.

Kafin ka aika kuɗi ka auna taka. Mafi yawan injinan ga, irin Multivac na Jamus da masu kama da su da ke zo muna na hannu, sarƙarsu ko dai mai lamba 08B ce, tazarar ƙusa zuwa ƙusa milimita 12.7, ko 10B mai milimita 15.875. Ka ja ta ta miƙe sosai ka ƙirga gaɓa 20, in 08B ce sabuwa za ta ba ka milimita 254, in 10B ce 317.5. Sarƙar babur ko ta injin niƙa ana iya haƙuri da ita har ta ƙaru da kashi 3 cikin ɗari, amma wagga da ke jan leda in ta wuce kashi 1 ka soma shirin canji, milimita ukku kacal cikin awon nan sun isa su ɓata maka aiki. Ka dubi bakin kuma, akwai mai buɗewa sama tsaye akwai mai buɗewa yana kaucewa gehe, ka ɗauki hoto ka tura, kada a kawo maka wanda bai dace da injinka ba. Kuma biyu za ka saya tare, dama da hagu, waɗanda anka auna tsawonsu ɗaya tun daga kamfani. Kar ka yarda ka canza gehe guda don tsimi, kuma in haƙoran pinyo sun yi tsini kamar ƙaya su ma ka canza su, in ba haka ba tsohon pinyo zai cinye sabuwar sarƙa.

Sai maganar da ba ka tambaya ba amma dole in gaya maka, don Allah ka yi hankali da dillalai. Akwai masu kwaso tsohuwar sarƙa da anka cire a Turai, su wanke ta da gazuwal ta yi ƙyalli su sa cikin kwali mai sunan kamfanin sarƙa irin iwis ko Tsubaki su ce sabuwa ce. Kwali ba shaida ba ne. Ka kwantar da ita bisa gehenta ka ɗaga, in ta lanƙwashe sosai kamar baka ta sha aiki. Ka danna baki goma a jere da babban yatsa, in wani da tauri wani laushi, rasor sun gaji. Ka sa ƴar ledarka cikin bakin ka ja da ƙarhi a gaban mai kayan, in ya hana ka gwadawa ka kama hanyarka. Wani kuma zai ba ka mai nikel a kuɗin inoks, maganaɗisu ke raba gardama, ka manna shi jikin sarƙar ba bisa bakin ba, in ya cafke da ƙarhi ba inoks ba ce.

In ta iso ka sa mata man da anka yarda da shi wurin abinci, za ka ga an rubuta H1 a jikin gwangwanin, kaɗan-kaɗan cikin gaɓoɓi, kar ya taɓa bakin don leda za ta riƙa sulɓewa. Baƙin mai na mota kam ko kusa. Da damina kar ka bari ta kwana da laima. In kana cikin gari ranar Juma'a bayan masallaci ka biyo da guntun tsohuwar taka mu auna tare, ka ga tawa tana aiki da idonka.