Hattara da mai tallan sigarin lantarki a intanet: batirinsa jabu ne, koyil ɗinsa ma haka

Jama'a, raina a ɓace yake, ku yi haƙuri in maganar ta zo a hargitse. Akwai wani mutum da ke tallan kayan sigarin lantarki a shafukan sada zumunta, wai cikakken saiti ne na masu son tururi mai kauri da ɗanɗano mai fita sosai. Abin da ya rubuta: mod (injin da ke riƙe batir) mai cin batir biyu, tanki, koyil ɗin raga (ƙarfen da ke zafi ya mayar da ruwa tururi) mai om 0.15 (om ma'aunin turjiyar koyil ne ga wuta), batir 18650 (lambar girman batirin ce) guda biyu masu 3000mAh (yawan cajin da yake riƙewa) da amp 20 (yawan wutar da zai iya bayarwa a lokaci ɗaya), sai kwalbar ruwan sigarin 70/30 (rabon sinadarai biyun da ke ciki) mai nikotin 3mg. Ku riƙe lambobin nan. 3000mAh, amp 20, om 0.15. Ko ɗaya babu na gaskiya a cikin abin da yake aikowa.

Kuma kada wani ya zo yana cewa wauta ce ta mai saye. Ba irin masu rubuta 9900mAh a jikin batir ba ne, waɗannan ko yaro ya san ƙarya suke, domin batir 18650 na gaske yawanci ba ya wuce wajen 3500 zuwa 3600mAh, kuma masu kai wannan adadin ba sa jure amp da yawa, wajen 10 ne. Shi wannan ya san sana'ar. 3000mAh da amp 20 lamba ce ta gaskiya, ita ce ta batirin LG HG2. Koyil mai om 0.15 a wat 60 zuwa 80 daidai ne. Ruwa 70/30 a kan irin wannan koyil daidai ne. Duk wanda ya san aikin, in ya karanta tallan, cewa zai yi wannan ya haɗa kaya yadda ya kamata. Da sanin mutane yake farautarsu.

Bidiyon nan shi ne ke ci min rai. Ya ɗora batir a kan sikeli, giram 46. Ya ɗaura tanki a kan mod, allo ya nuna 0.15. Ya kankare lambar tantancewa da ke jikin kwali, ya ɗora kyamarar waya a kan hoton lambar, shafi ya buɗe ya ce na ainihi ne. Giram 46, om 0.15, na ainihi. Wa zai ga wannan ya yi shakka? Kayan da ke cikin bidiyon na gaske ne, ba su ne dai ake aikowa ba. Shafin da ya buɗe kuma ba na kamfanin ba ne, harafi ɗaya aka canza a adireshin, kuma kowace lamba ka zuba masa, ko ka ƙirƙire ta da ka, cewa zai yi ta ainihi ce.

Batirin farko da ya aiko giram 31 ne. Giram 31, ba 46 ba. Batir 18650 na kirki yana tsakanin giram 44 da 48, in ya yi ƙasa sosai to cikinsa babu abin da ya kamata ya kasance. A caja mai auna ƙarfi bai kai 1000mAh ba, a jikinsa kuwa an buga 3000mAh baro-baro. Na biyun ya fi ban tsoro, domin shi nauyinsa ya yi daidai, sikeli ba zai kama shi ba. Sai an yanke ledar jikinsa ake ganin tabon walda a gindinsa, inda aka fizge ƙarfen da ya haɗa shi da 'yan uwansa. Wato tsohon batirin kwamfutar cinya ne aka ciro, aka sa masa sabuwar riga. Irin waɗannan wajen amp 5 aka yi su su ba da.

Ku yi lissafin da kanku. Wat 70 a mod mai batir biyu, kowanne na ɗaukar wat 35. Ka raba 35 da 3.2, wato ƙarfin batir lokacin da ya kusa ƙarewa, ka sake rabawa da 0.9 saboda abin da ke ɓacewa a cikin injin, za ka samu wajen amp 12. Batir mai amp 20 ko a jikinsa. Mai amp 5 kuwa ana jan fiye da ninki biyu na abin da zai iya. Shi ya sa tururin ke fita siriri, allo na cewa batir ya yi ƙasa alhali yanzu aka cire shi daga caja, murfin kuma ya ɗau zafi. Ƙarshen wannan zafin shi ne batir ya huce iskar gas ko ya kama da wuta, a hannunka, kusa da fuskarka. Ga shi kuma biyun ba iri ɗaya ba ne. Mod mai batir biyu ma'aurata yake so, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, a saye su tare, a caja su tare, domin in ɗaya ya fi rauni shi ne zai zube ƙasa da iyaka yayin da ɗayan ke ci gaba da turawa.

Na tsallake zancen kuɗin. Kafin duk wannan, sai da ya dage a tura masa kuɗin gaba ɗaya kai tsaye, babu rasit, babu biya bayan karɓa, wai kayan saura kaɗan. Duka. Ba rabi ba, duka. Sunan da ke asusun ma daban ne da na shafin, ya ce na ƙaninsa ne. Hotunan hirar suna nan, zan saka su, har da inda ya rubuta “wallahi abin da ka gani a bidiyo shi za ka samu.”

Koyil ɗin. A kwali om 0.15, a kan mod 0.27, a kwance a sake ɗaurawa 0.19, a ja sau ɗaya ya koma wani wuri. Koyil na gaske yakan kauce da ɗan kaɗan, 0.14 ko 0.17, amma yana zama inda ya zauna. Mai tsalle-tsalle ko dai ƙafar wayar ba ta kamu ba, ko fil ɗin da ke gindin tanki, mai haɗa shi da mod, ba ya taɓawa da kyau. Da aka haska cikinsa, ba raga ba ce ma. Waya ce zagayayya 'yar siririya aka naɗe. Amfanin raga shi ne faɗi: tana taɓa auduga a wuri mai yawa, tana zafi bai ɗaya, shi ya sa tururi ke yawa kuma ɗanɗano ke fita ba tare da wani wuri ya ƙone ba. Wayar da aka yi wa wat 30 ka ba ta 70, tsakiyarta ce za ta yi ja ta babbake audugar. Audugar kanta 'yar kaɗan ce, ana hango haske ta ramukan shan ruwa.

Da aka yi masa magana, cewa ya yi ba a jiƙa koyil ba. An jiƙa. Ɗigo a kowane rami har audugar ta yi duhu, a cika tanki, a bar shi minti goma, a buɗe iska sosai, a fara daga wat 50 ana hawa da biyar-biyar. Wannan ai karatun farko ne. Sai ya ce a ƙara wat. A ƙara wat a kan batirin giram 31! Daga nan ya toshe lamba, shafin ya canza suna, bidiyon dai shi ne, sikelin nan da giram 46.

Ruwan kuma an rubuta 70/30, wato VG kashi 70, PG kashi 30. VG shi ke ba da kaurin tururi, PG shi ke ɗauko ɗanɗano da ɗan kartar maƙogwaro. Ruwa mai VG 70 in ka juya kwalba a hankali yake gangarowa kamar zuma, kumfar iska na hawa sannu-sannu. Nasa tsulu-tsulu yake. Ruwa mai tsinkewa haka a koyil mai manyan ramuka ambaliya yake yi, ya zubo ta ƙofar iska, ya riƙa tartsatsi a baki. Kwalbar babu lambar rukuni, babu kwanan wata, zoben murfin a karye. To wa ya tabbatar 3mg ne a ciki? Koyil ɗin ƙasa da om ɗaya yana ƙona ruwa ninkin-ba-ninkin na fod, wato ƙaramin sigarin lantarki mai wat 12, shi ya sa ba a wuce 3mg ko 6mg a kansa. In gishirin nikotin mai 20mg ko sama aka ɗura, ja kaɗan sai jiri, tashin zuciya da bugun ƙirji. Daga 2019 zuwa farkon 2020 a Amurka, sama da mutum 2,800 aka kwantar a asibiti da ciwon huhu, 68 suka rasu, akasari daga ruwan THC (sinadarin wiwi) na bayan fage da aka gauraya da sinadarin bitamin E asitet. Ba na ce shi ne a wannan kwalbar ba. Abin da ba a san mahaɗinsa ba dai ba a kai shi huhu.

Ni abin da ya fi ƙona min rai, wanda zai faɗa hannunsa yawanci mai ƙoƙarin barin taba ne, ya tara kuɗinsa ya ce bari ya sayi mai kyau sau ɗaya. Shi ba shi da sikeli, ba shi da caja mai auna ƙarfi. Batirin zai sa ya ci gaba da ja.

Hoton sikelin, tabon waldar, allon da ke nuna 0.27 da adireshin shafin bogin duk zan saka su. In kun riga kun saya, ku cire baturan yanzu, ku naɗe kawunansu da salatif, kada ku jefa su a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, ku kai inda ake karɓar tsofaffin batura. Ruwan kada ku sha. Lambar tantancewa kuma ku rubuta adireshin kamfanin da hannunku, kada ku bi wanda ke jikin kwali. Batir a wurin mai sayar da batir da aka sani ake saye, ba a cikin saiti ba, kuma kada ku biya duka kafin kaya su iso.