Waya ko kyamara: abin da za ka saya kafin tafiya ɗaukar hoton kufaifan Masar da Petra ta Jodan

Mai shago zai fara gaya maka yawan megafiksel, alhali a kufai ba wannan ne ke ba da matsala ba. Wuri biyu ne ke tona asirin kayan hoto a irin wannan tafiya. Na farko cikin kaburburan fir'aunoni a Kwarin Sarakuna da ke Luksor, inda haske ya yi ƙaranci, an hana kunna walƙiyar kyamara, mai gadi kuma ba zai bari ka kafa ƙafar kyamara a kan hanyar mutane ba. Na biyu fili da rana tsaka, a Giza ko Karnak, inda farin dutse ke ƙyalli, inuwa ta yi baƙi ƙirin, iska kuma tana ɗauke da rairayi mai laushi. Duk abin da za ka saya, ka auna shi da waɗannan biyun.

Wayar da ke aljihunka

Wayar zamani mai kyau ta fi yadda masu manyan kyamarori ke son su yarda. A cikin kabari tana ɗaukar hotuna da yawa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ta haɗe su wuri ɗaya, sai zanen bango ya fito da launinsa ba tare da walƙiya ba, muddin ka ƙanƙame hannu. Ga sauƙin shiga: tun 2019 hukumar kayan tarihi ta Masar ta halatta ɗaukar hoto da waya kyauta a wuraren tarihi da gidajen adana kayan tarihi, da sharaɗin ba walƙiya. Dokar babbar kyamara kuwa ta sha canzawa daga wuri zuwa wuri, don haka a bakin tagar tikiti ake tambayarta.

Inda waya ke gazawa guda biyu ne. Nesa: in wayarka ba ta da gilashin janyo hoto na ainihi, mai ninki uku ko biyar, to matsa hoto da yatsu yanka shi kawai take yi, rubutun da ke saman ginshiƙi sai ya fito kamar an shafa shi da ruwa. Sai zafi. Kamfanin Apple ya ƙayyade cewa iPhone tana aiki daidai ne tsakanin digiri 0 zuwa 35, Luksor da Aswan kuwa daga Yuni zuwa Agusta suna wuce 40 kusan kullum. Allon wayar zai dushe har ka kasa ganin abin da kake ɗauka, daga baya ta ƙi buɗe kyamarar sai ta huce. Kuma ita ce taswirarka, ita ce tikitinka, ita za ka kira direba da ita. Wanda zai dogara da waya kaɗai ya saka kuɗinsa a mai gilasai uku, mai faɗi da na tsakiya da mai janyowa, ya haɗa da fawa banki.

Ƙaramar kyamara, mai madubi, da marar madubi

Ƙananan kyamarori masu sensa (ɓangaren cikin kyamara da ke kama hoto) inci ɗaya, irin Sony RX100, suna da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: ba a cire gilashinsu, saboda haka ba ka buɗe cikinta ga ƙura. Samfuri na shida da na bakwai suna janyowa daga 24 zuwa 200mm, kuma tana shiga aljihun riga. Aibinta tsada idan aka kwatanta da girmanta, batir ɗan ƙarami, sannan in rairayi ya shiga bututun gilashin mai fita da komawa, gyaran yana da wuya. A duhu ba ta fi waya mai kyau da wani abin kirki ba.

Tsofaffin masu madubi, irin Nikon D5600 ko Canon 250D, su ne mafi araha a kasuwar na hannu, kuma batirinsu yana kai kusan ninki biyu na marasa madubi, tunda ta gilashi kake leƙawa, ba ta allo mai cin wuta ba. A rana tsaka wannan leƙen ya fi kowane allo. Sai dai nauyi da girma, kuma kamfanoni sun koma ƙera marasa madubi.

Marasa madubi masu matsakaiciyar sensa, wato APS-C, su ne tsaka-tsakin da ya fi dacewa da yawancin matafiya. A nan tambaya guda ce ta fi muhimmanci: jikin kyamarar yana da na'urar hana rawar hannu? Sony a6400 da Canon R50 da Nikon Z50 ba su da ita, a gilashi suke dogara. Sony a6700 da Fujifilm X-S20 da Canon R7 suna da ita. Bambancin yana fitowa ne a kabari. Ƙa'idar masu hoto ita ce, da hannu zalla kada saurin ɗauka ya yi ƙasa da ɗaya bisa tsawon gilashin, wato wajen 1/30 na daƙiƙa ga gilashi mai faɗi. Da na'urar hana rawa za ka sauka zuwa 1/8 hoton ya fito tsaf, tunda bango ba ya motsi. Wannan yana nufin ISO (ma'aunin ƙarfin da kyamara ke ƙara wa hasken da ta kama) 1600 maimakon 6400, hoto mai tsabta maimakon mai tsaki-tsaki kamar garin gero. In kuɗi ya ishi abu ɗaya ne kawai a cikin ƙarin da ake tallata maka, to wannan ne.

Manyan masu cikakkiyar sensa sun fi kowa a duhu, babu musu. Amma ka tuna hanyar shiga Petra, wadda ake kira Siƙ, ta kai wajen kilomita 1.2 kafin ka ga fuskar Al-Khazna, shahararren ginin da aka sassaƙa a jikin dutse, kuma hawa zuwa Ad-Dair, wani irinsa a can saman dutse, matakala ce wajen 800. Kilo biyu a wuya da safe, da la'asar ya zama biyar.

Gilashi ya fi jiki muhimmanci

Gilashin da ake haɗawa da kyamara, 18-55mm, yana yin aiki amma yana takura ka ta ɓangare biyu. Babban zauren Karnak yana da ginshiƙai 134, goma sha biyu na tsakiya sun kai wajen mita 21, kuma a matse suke, babu inda za ka ja da baya. Nan kana son 16mm ko ƙasa da haka a kan APS-C. A ɗaya ɓangaren, fuskokin mutum-mutumin Ramsis na Biyu a Abu Simbel, masu tsayin wajen mita 20, ko jerin dalolin Giza daga can cikin rairayi, suna son 100mm zuwa sama.

Zaɓi biyu ne. Gilashi ɗaya mai dogon zango, kamar 16-80, 18-135, 18-140 ko 18-150 gwargwadon kamfanin, ko kuma gilasai biyu zuwa uku masu kaifi da za ka riƙa canzawa. A takarda na biyun ya fi. A fili na farkon ya fi, saboda kowace canzawa buɗe sensa ce ga iska. Daga Maris zuwa Mayu Masar tana da iskar Khamsin, wadda duk wanda ya san hazon hunturu zai gane ta, sai dai ita da zafi take zuwa. Ƙwayar ƙura ɗaya a kan sensa za ta bar ɗigo a wuri guda a cikin kowane hoto mai sararin sama, ta fi fitowa in ka rufe ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16. Ka ɗauki mai dogon zango ya zauna a jiki, sai ƙaramin gilashi ɗaya mai faffaɗar ƙofar haske, f/1.8, na ranar kaburbura, wanda za ka ɗaura tun a masauki. Yana shigar da haske kusan ninki huɗu na f/3.5.

Gilashi mai faɗi ƙwarai yana da tarko. In ka tsaya a gindin gini ka ɗaga kyamara sama, ginshiƙai za su karkata kamar ginin zai faɗi da baya. Maganin ba sayen wani abu ba ne: ja baya inda akwai fili, riƙe kyamarar a miƙe, ka bar sarari a gefe don gyarawa daga baya.

Abin da zai zauna a gida

Jirgi maras matuƙi kada ma ya shiga jaka. Dokar Masar mai lamba 216 ta 2017 ta hana shigo da shi ko tashinsa sai da izinin ma'aikatar tsaro, kuma tun a filin jirgi ake ƙwacewa. Jodan ma sai da izini. Babbar ƙafar kyamara ita ma wahala ce: wani wuri a hana ta, wani wuri a ce sai tikiti na daban, kuma tana sa a ɗauke ka mai aikin kasuwanci. Fitilar walƙiya ta waje ba ta da aiki inda kake buƙatarta.

Matatar haske mai rage ƙyalli, wadda ake ɗaurawa a bakin gilashi a juya, ta cancanci kuɗinta: tana fito da jan dutsen Petra da shuɗin sama. Amma tana cinye fiye da rabin hasken, don haka a cire ta kafin shiga kabari, kuma a gilashi mai faɗi sosai takan sa sama ta yi duhu a gefe ɗaya.

Ƙananan kaya da ke ɓata tafiya

Batir uku ga marar madubi, biyu ga mai madubi. Batirin ajiya da fawa banki a jakar hannu suke tafiya, ba a akwatin da za a sa a cikin jirgi ba, kuma iyakar da ba ta neman izini ita ce 100Wh. Mai 20,000mAh yana wajen 74Wh, ya shige. Mai 30,000mAh ya wuce iyaka. Soket ɗin Masar mai ramuka biyu zagayayyu ne. Mai zuwa daga Nijar cajarsa za ta shiga, mai zuwa daga Najeriya ko Gana da filogi mai ƙafa uku sai da adafta.

Hoton RAW, wato ɗanyen fayil da ba a sarrafa ba, na kyamara mai megafiksel 24 yana cin wajen 25 zuwa 30MB, wato kati mai 64GB zai ɗauki kusan 2,000. Biyu ko uku masu 64 sun fi ɗaya mai 256, don in ɗaya ya lalace ba duka tafiyar ta tafi ba. Katin jabu ya yi yawa a kasuwa; ka cika shi taf da fayiloli a kwamfuta, ka sake buɗe su, kafin ka amince da shi. Sai abin hura iska na roba da burushi mai laushi. A hura tukuna, sannan a goge; goge gilashi mai rairayi da bakin riga kankare shi ne.

In na hannu za ka saya, duba adadin hotunan da ta ɗauka, haska tocila cikin gilashin don ganin fumfuna, sannan ka ɗauki farin bango a f/16 ka ga ɗigon da ke kan sensa.

Kuɗin da ya fi kyau a kashe a kan lokaci

Fuskar Abu Simbel da ta Abul Haul na Giza, mutum-mutumin zaki mai kan mutum, gabas suke kallo, da safe suke da haske. Al-Khazna rana tana sauka a kanta da hantsi na ɗan lokaci, Ad-Dair kuwa sai bayan azahar. Wanda ya sayi tikitin kwana ɗaya a Petra zai yi gudu tsakanin biyun. Ƙarin kwana na biyu dinarin Jodan biyar ne kacal a kan hamsin. Jordan Pass, tikitin haɗaka na ƙasar Jodan, ya haɗa Petra da wasu wurare da dama, yana kuma yafe kuɗin biza ga wanda zai yi 'yan kwanakin da aka shardanta a ƙasar, amma shi kansa ba biza ba ne, kuma ba kowane fasfo ake ba wa biza a bakin iyaka ba. A Kwarin Sarakuna tikitin gama-gari na kaburbura uku ne. Na Tutankhamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922, da na Seti na Ɗaya kowanne da tikitinsa. Na Tutankhamun ɗan ƙarami ne, suna ne ya yi masa yawa. Mai neman zane ya fi samu a na Ramsis na Shida, wanda shi ma da ƙarin tikiti ne mai sauƙi. Manyan wuraren Masar da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi a taga, sai kati, don haka ka tabbatar da bankinka cewa katin yana aiki a waje tun kafin ka tashi.

Mai zuwa Umra da ke son ƙarawa da Al-Hijr, wato Mada'in Salih, kufan da ake dangantawa da mutanen Annabi Salihu, sama da kilomita 300 arewa da Madina, lissafinsa daban ne. Hadisin da ya yi magana a kan shiga wurin sananne ne, wannan kuma tsakanin mutum ne da malaminsa. Ta fuskar kaya dai, ana shiga ne da tikitin da aka yi rajista tun da wuri, a motar masu kula da wurin, ana tsayawa 'yan mintuna a kowane zango. Babu lokacin canza gilashi ko kafa komai, don haka mai dogon zango ɗaya da zagayen farko na safe ko na ƙarshe kafin magariba su ne abin nema.