Kwafe lissafi ko kiran ma'auni da sunansa a perf

Ma'aunan perf, manhajar Linux mai auna yadda furosesa ke aiki, suna rubuce cikin fayilolin JSON, wani tsarin rubuta bayanai da manhaja ke iya karantawa. IPC, alal misali, adadin umarni ne a raba da zagayen agogon furosesa. Idan ana son CPI, wanda juyin IPC ne, wato zagayen agogo a raba da adadin umarni, hanya biyu ce.

Tsohuwar hanya ita ce a sake rubuta lissafin gaba ɗaya. Mai karatu na ganin komai a layi guda, manhajar ma ba ta wahala. Amma ranar da aka gano kuskure, sai an bi duk inda aka kwafe shi, kuma da wuya wani bai kuɓuce ba.

A 2020 aka koya wa perf ɗaya hanyar: a rubuta 1 / IPC kawai. Gyara a wuri ɗaya ya wadatar, sai dai nauyin ya koma kan manhajar kanta. Dole ta tantance ko sunan na ƙirgen furosesa ne (adadin da furosesa ke ƙirgawa da kanta, kamar umarni ko zagayen agogo) ko na wani ma'auni, ta bi ma'aunan da yake kira har ƙasa, ta tattaro ƙirgen da kowanne ke buƙata. Ga kuma haɗarin ma'aunai biyu su riƙa kiran juna ba iyaka, shi ya sa aka ƙara bincike mai tsayar da hakan.

Ni dai ta biyun na zaɓa, musamman ga ma'aunan Topdown na Intel masu hawa-hawa, waɗanda ake gano abin da ke rage wa furosesa gudu da su.