Jinyar Inna daga nesa: manhajojin da suka zauna a wayoyinmu da waɗanda na goge

Mahaifiyarmu tana Tawa, ni aiki ya riƙe ni a Yamai, yayanmu kuma yana Abijan wajen bida, yadda mazan Adar suka saba tun kaka da kakanni. Autarmu ce da matar ƙanena suke gida tare da ita. Inna tana da hawan jini, tana da ciwon sukari, ido ma ya fara gajiya. Tsakanina da ita tafiyar fiye da kilomita 500 ce, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, ba wurin da mutum zai ce bari in leƙa in dawo ba ne. Don haka nawa kason jinyar, yawancinsa a waya nake yin sa. Na saka manhajoji da dama, na goge da dama, kuma waɗanda suka rage ba su da yawa.

Abin da ya raba mini gardama tun farko shi ne Inna ba ta yi lakwal ba. Tana karanta Alƙur'aninta, tana gane ajami, amma harafin boko ba ruwanta da shi. Duk manhajar da sai an karanta rubutu kafin a latsa, to ba tata ba ce, ta mai jinya ce. Masu jero sunayen manhajojin tsofaffi a intanet suna da wata kaka a ransu wadda ke karanta jarida, gidanta da wifi, kuran ba ya ɗaukewa. Tamu kakar murya take ganewa da hoto. Shi ya sa na raba aikin biyu: nauyin yana wayar auta da tawa, wayar Inna kuwa an share fuskarta, ba a bar komai ba sai abin da yatsanta zai taɓa ba tare da ta kira wani ba.

WhatsApp ce uwar tafiyar, kuma ba don bidiyo ba, don saƙon murya. Kiran bidiyo yana son rezo mai ƙarfi, saƙon murya kuwa ko rezo ya yi sanyi zai jira ya tafi daga baya. A wayar Android ana iya ɗauko hirar mutum guda a ajiye ta a fuskar waya da hotonsa. Haka muka yi mata: ga fuskata, ga ta yaya, ga ta ƙanena. Ta taɓa fuskar wanda take so, ta danne alamar makirfo, ta yi magana. Yaya ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, sai ka ji saƙo ya shigo mini: «Ɗiyata, kin kwana lafiya? Ya gajiya, ya mutanen gidan? Ki ce wa wancan na Abijan ƙafar ta yi sauƙi, kar ya tada hankalinsa.» Alhali hotonsa na nan kusa da nawa, da ta taɓa shi ya ji da kunnensa. Akwai wurin da ake ƙara saurin saƙon murya zuwa ɗaya da rabi ko ninki biyu. Ina amfani da shi a kan saƙonnin dangi masu tsawon gaisuwa, amma na Inna a yadda yake nake saurare, don a numfashinta da jan maganarta nake gane ko ta kwana da kyau ko tana ɓoye mini wani abu.

Abu mafi amfani da muka yi shi ne buɗe gurup dabam don lafiyarta kaɗai. Gurup ɗin dangi yana nan da sanarwar biki da suna da ta'aziyya da wa'azin da aka turo daga wani wuri, kuma a cikin wannan cunkoso hoton takardar magani ɓacewa yake. A na lafiyar, abu uku ake sakawa: hoton ordonans, wato takardar maganin da likita ya rubuta, awon tansiyo, wato hawan jini, da na sukari, da rasit na abin da aka kashe. Saƙon da ke ɗauke da jerin magungunanta mun maƙale shi a sama. Maƙalewar tana da wa'adi, awa 24 ko kwana 7 ko kwana 30, sai a riƙa sabuntawa. A wayar Inna kuma na kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, in ba haka ba bidiyon bukukuwa ne zai cinye megar wata cikin ƴan kwanaki.

Gargaɗi guda a nan. Masu satar lambar WhatsApp tsofaffi suke nema. Za a kira a ce an aiko da wasu lambobi shida bisa kuskure, don Allah Hajiya ki karanto mana. Da an karanta, an ƙwace asusun, sai a shiga roƙon dangi kuɗi da sunan mara lafiya, kuma wa zai ƙi aika kuɗi in an ce Inna ce a kwance? Akwai kariya ta biyu a cikin saitin manhajar, inda ake sa lambar sirri ta kanka. A kunna ta tun ranar da aka miƙa wa tsohuwa waya.

Wajen tuna shan magani, MyTherapy ce ta zauna a wayar auta. Wani kamfanin Jamus ne a birnin Munik ya yi ta, kyauta ake saukewa, kuma da Faransanci muke aiki da ita. Za ka shigar da sunan magani, ƙwaya nawa, ƙarfe nawa. Lokaci ya yi ta yi ƙara, in an ba da maganin a latsa an bayar. Wannan kowace manhajar magani tana yi. Abin da ya sa na riƙe ta shi ne lissafin ƙwayoyin da suka rage. Ka gaya mata kwali nawa ka saya, ita ce za ta riƙa ragewa, ta faɗakar tun kafin ya ƙare. Ga wanda farmasi ke bayan gidansa wannan ba wani abu ba ne. Mu kuwa akwai maganin da wani lokacin sai na saya a Yamai na kai tasha an sa a kar, a karɓa a Tawa washegari. Maganin hawan jini ba a yi masa hutu, ba kamar na ciwon kai ba ne da za a ce sai an ji ciwo. Sanin cewa saura na mako guda ya fi mini duk sauran kwalliyar manhajar.

Tana kuma ajiye awo, ta fitar da shi a jere a nuna wa likita. A nan sai an lura, don lambobin suna rikita mutane. Na'urar awon tansiyo ta gida tana nuna 140 da 90, likitocinmu kuwa da suka yi karatu da Faransanci 14/9 suke cewa. Abu guda ne, sifili aka cire. Na sukari ya fi haɗari. A takardar labo za ka ga 1,26 g/L, na'urar gida ta nuna 126 mg/dL, wata manhajar kuma tana jiran mmol/L, inda wannan awon yake 7. Duka ukun awo ɗaya ne, shi ne iyakar da likitoci ke kallo wajen gane ciwon sukari ga wanda aka auna da safe bai ci komai ba. Wanda ya zuba lambar wani ma'auni a gurbin wani, ko dai ya firgita gida a banza, ko ya kwanta barci a kan abin da ya kamata a tafi likita. A duba ma'aunin da na'urar gida ke amfani da shi, a saita manhajar a kansa, a bar shi haka.

Akwai kuma dabarar wayoyin Android da yawa ta kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye don batir ya daɗe. In ba a shiga saitin batir an cire manhajar magani daga cikin waɗanda ake kashewa ba, wata rana za ta yi shiru, kuma ba za ta ce maka ta yi shiru ba.

A wayar Inna kanta ba mu sa manhajar magani ba. Agogon ƙararrawa na waya muka yi amfani da shi, wanda ke zuwa da kowace waya, ba ya cin mega ba ya neman rezo. Mun ɗauki muryar jikarta tana cewa «Kaka, lokacin magani ya yi, Kaka ki sha magani», muka sa ta a matsayin ƙarar. Ƙarar waya ta banza Inna kifa wayar take yi a kan tabarma. Muryar yarinyar kuwa amsa mata take: «To, kishiyata, na ji.» Lokutan ma da salla muka ɗaure su, bayan asuba da bayan magariba, don da salla take lissafin yininta, ba da ƙarfe kaza ba. In azumi ya zo, likita ne ke faɗin ko za ta yi da yadda za a juya lokutan, mu namu mu gyara ƙararrawar da hannu. Ba manhajar da zan bari ta yanke wannan hukunci ga mai ciwon sukari.

Waɗanda na goge ba tare da waiwaye ba su ne masu cewa ka ɗora yatsa a kan kamara ko gilashin waya su auna maka tansiyo ko sukari. Lamba za su ba ka, amma ba ta jinin kowa ba ce. A sayi na'urar da ake ɗaurawa a damtse, a zaunar da tsohuwa ta huta kamar minti 5, hannu a daidai ƙirji, ba hira, sannan a auna.

Google Translate ta sa Hausa tun 2013, kuma tana karanta rubutu ta kamara. Matar ƙanena tana amfani da ita ta gane abin da takardar cikin kwalin magani ke nufi, kamar ko a sha kafin abinci ko bayansa. Nan na tsaya da ita. Adadin ƙwaya da rubutun hannun likita ba na miƙa su ga fassarar na'ura ko wace iri. A ɗauki hoto a kai wa mai farmasi ya karanta.

Kuɗi kuwa, MyNITA nake amfani da ita daga Yamai, wasu a dangi sun fi sabawa da Amana, wasu da Airtel Money. Duk wadda aka bi, hoton shaidar aikawa yana shiga gurup, rasit ɗin farmasi ma yana shiga. Ba rashin yarda ba ne. Wanda ke riƙe da kuɗin jinya shi ake fara zargi a zuci, kuma rasit yana wanke shi tun kafin a yi tunanin. A wayar Inna ba manhajar kuɗi ko ɗaya, don wayar kaka ta jikoki ce, kowa ya sani.

Jikokin ma sai da muka yi musu dabara. Android yana da hanyar kafe manhaja guda a fuskar waya, yaro ba zai fita daga cikinta ba sai da lambar buɗewa. In za a ba su, YouTube Kids ake buɗewa a kafe, yana da agogon da ke rufe kallo in lokacin da aka sa ya cika. Kafin haka, hotunan fuskar wayar Inna kullum a watse suke, ta nemi fuskata ta rasa.

Manhajar lokutan salla ba ta da aiki a gidanmu, masallaci na bakin ƙofa, ladan ya ishe ta. Wadda na gwada ma talla ce ke faɗowa ta rufe fuskar waya, tsohuwa ta rasa inda za ta taɓa. Karatun Alƙur'ani ne take so, kuma a nan akwai abin da matasa ke mantawa. Iyayenmu da Warshu suka yi karatun allo, manhajoji kuwa da Hafsu suke buɗewa. Ran da aka fara kunna mata, gyara wa makarancin take yi. Sai da muka nemo karatun Warshu na Shehu Husari, muka sauke surorin a waya inda akwai wifi, yanzu tana saurare ba da ko mega ɗaya ba.

Lambobin gaggawa, 15 na motar ɗaukar marasa lafiya da 18 na ƴan kwana-kwana, suna rubuce a bangon ɗakinta tare da lambar maƙwabcinmu mai mota, wanda a gaskiya shi za a fara kira. Wayoyin Android suna da wurin da ake rubuta ciwon mutum da magungunansa da lambar ɗan uwa, a gani ko waya tana kulle. Na cika shi a tata. Duk wannan kuma da batir yake tafiya. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da kuran ya fi ɗaukewa kuma tsofaffi suka fi jigata, ƙaramin fanon sola da batirin ajiya da muka saya sun yi aikin da ya kai na kowace manhaja.

Akwai illa guda da na gani, kuma ba daga manhajojin take ba, daga mu take. Mu na nesa muna ganin awo yana shigowa safe da yamma, mu aika da «sannu da ƙoƙari», mu ji kamar mun yi jinya. Auta ce ke tashi cikin dare, ita ce ke lallashin Inna ta rage gishiri da sukarin shayi, ita ce ke bin layi a likita. Wayar ma ta ƙara mata aiki, don yanzu bayan ta ba da magani sai ta ba da rahoto ga mutum uku, kowa da tambayarsa, yaya kuma agogon Abijan yana bayan namu da awa ɗaya, sai ya kira lokacin da ta samu ta kwanta. Mun gwada kalandar waya don raba zuwa gida, ba wanda ya riƙa buɗe ta. Yanzu a ƙarƙashin jerin magungunan da ke maƙale a gurup muke rubuta wanda zai je Tawa a kowane wata ya karɓi auta, an kuma tsayar da cewa mutum guda ne zai riƙa tambayarta rahoto, sauran su karanta abin da aka saka, bayan isha kuma ba mai kiranta sai in ita ta kira.