Wasiƙa daga Washington: kayan hannun 'yan asalin Amurka da darajarsu

Yaya, gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali, da su Hajiya. Ka tambaye ni ko aikin hannu yana da kasuwa a nan, tunda kai ba ka da zance sai na fata. To ga abin da idona ya gani.

A Washington akwai gidan tarihi na 'yan asalin ƙasar, wato mutanen da Turawa suka zo suka tarar. An buɗe shi a 2004, dab da ginin majalisar dokoki. Yana ƙarƙashin Smithsonian, hukumar da ke kula da gidajen tarihi na ƙasa, saboda haka ko sisi ba a karɓa, jakarka kawai za a duba a ƙofa. A New York kuwa, gidan tarihin Metropolitan dala 30 yake karɓa a hannun baƙo. Kayan wannan gida na Washington sun haura 800,000, akasarinsu wani attajiri mai suna George Heye ne ya tara. Kaɗan aka baje, saura suna ajiye a Suitland ta jihar Maryland.

Wurin fatun ne ya fi riƙe ni. Akwai takalma da riguna na fatar barewa da ta ɓauna, aikin ƙabilu irin su Lakota. Ba da bagaruwa suke jima kamar majemanmu ba; ƙwaƙwalwar dabbar suke shafa wa fatar, su yi ta murza ta, sannan su turara ta da hayaƙi, sai ta fito da laushi kamar yadi. Kafin Turawa su kawo musu ƙananan duwatsun ado na gilashi, da ƙayar beguwa suke yin kwalliya: su rina ta, su danne ta ta baje, su ɗinka. Da ka ga ƙanƙantar ɗinkin, na san sai ka jinjina kai, kai da ba ka cika yabon aikin wani ba.

Kantin gidan ma akwai abin lura. Tukunya ko munduwar azurfa, za ka ga sunan wanda ya yi da ƙabilarsa a jiki, kuma tsada ba magana. Bargon ƙabilar Navajo babba, saƙar hannu, yakan kai dubban daloli. Doka ce ta tsaya musu: tun 1990, duk wanda ya sayar da kaya da sunan aikin 'yan asali alhali ba su suka yi ba, ana iya cin sa tarar da ta kai dala 250,000 ko ɗaurin shekara 5. Ana samun masu ha'inci duk da haka, amma a ɓoye suke yi. A Kurmi kuwa, jabun kayan waje a fili yake zaune kusa da na gaske, kuma shi ya fi tafiya.

Ba duk abin da ke gidajen tarihin nan aka samu ta hanyar halal ba, wasu daga kaburbura aka tono su. Akwai wata dokar ta 1990 da ta ce a mayar wa ƙabilu ƙasusuwan kakanninsu da kayan ibadarsu. Da aka tsaurara ta a Janairun 2024, wani babban gidan tarihi na New York sai da ya rufe zaure biyu. Smithsonian ɗin nan ce ma ta mayar wa Najeriya kayan tagulla 29 na Benin a 2022.

Jakunkunan da ka ce za ka aiko, don Allah ka buga sunanka da Kano a jikin kowace. Ka gaida Baba Ƙarami.