Hana batutuwa ko hukunta zagi: wace doka ta dace da zauren Masu Gida?

Ɗan'uwa, bayan hayaniyar da ta sa wasu suka fice daga zauren nan namu na WhatsApp na magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars (Masu Gida), ka tambaya wace hanya ta fi cikin biyun da aka kawo: a rubuta jerin batutuwan da ba za a taɓa ba, duk wanda ya taɓa a cire shi, ko kuwa a bar kowa ya faɗi ra'ayinsa, a hukunta mai zagi daki-daki. Ga yadda na auna su.

Ta farkon tana da sauƙi. Admin ba ya buƙatar dogon tunani: an ce ba siyasa, ba addini, ba sukar shugabanni, ka yi, ka fita. A zauren WhatsApp da ke iya ɗaukar mutum 1,024, wanda admin biyu ko uku ke kula da shi bayan sun taso daga kasuwa, wannan sauƙin abin dubawa ne. Kuma a kan addini da ƙabila ina tare da ita ɗari bisa ɗari, domin ba su da alaƙa da ƙwallo, kuma raunin da suke bari ba ya warkewa da wuri.

Inda ta gaza shi ne maganar siyasa da sukar shugabanni. Kano Pillars mallakar gwamnatin jihar Kano ce. Gwamnati ke naɗa masu tafiyar da ita, ita ke ba da kuɗin albashi da na sayen 'yan wasa. To idan mutum ya ce an naɗa wanda bai san ƙwallo ba, siyasa ya yi ko maganar kulob? Ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ita ce ta faɗa ƙaramar gasa a 2022, a kakar da aka zabtare mata maki saboda tarzoma. Wanda ya sha rana a filin Sani Abacha yana ihun "Sai Masu Gida" yana da haƙƙin tambayar yadda aka yi haka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Idan aka toshe wannan bakin, masu kishin gaske ne za su fara yin shiru, a bar zaure da hotuna da barka da Juma'a.

Ta biyun ba ta duba abin da ka yi magana a kai, yadda ka yi ta take dubawa. Ka ce koci ya yi kuskuren canji, ba laifi. Ka zagi iyayensa ko na wanda ya saɓa maka, ka ɗauki kati. Tsarin ma daga cikin fili aka aro shi: tun gasar cin kofin duniya ta 1970 a Mexico alƙalai ke ɗaga katin gargaɗi kafin ja, kuma kowane ɗan kallo ya san ma'anarsu. Gargaɗi na farko a goge saƙon, na biyu dakatarwa ta kwana bakwai, na uku sallama. Ashar, barazana da tunzura mutane su jefi alƙali ko motar baƙi, waɗannan jan kati ne kai tsaye, domin mun ga abin da suka jawo wa kulob.

Wahalarta a kan admin take. Sai ya karanta, ya bambance zazzafan musu da cin mutunci, ya kuma hukunta abokinsa kamar yadda zai hukunta baƙo. Habaici ma yana da wuyar kamawa. Ga kuma matsalar manhaja: Telegram yana barin a hana mutum rubutu na ɗan lokaci, yana da tsarin jinkirta saƙonni a lokacin da rai ya ɓaci, amma a WhatsApp sai dai a cire mutum a dawo da shi da hannu, ko a kulle zauren gaba ɗaya.

Ni ta biyun na zaɓa, tare da aro haramcin addini da ƙabila daga ta farko. Sai a ƙara abu biyu: a kulle zaure na minti talatin bayan tashi daga duk wasan da muka sha kashi, kuma admin ɗin da ke cikin musu kada ya yanke hukuncinsa, wani ya yanke. A rubuta dokar a bayanin zaure, a kaɗa mata ƙuri'a kafin wasan gida na gaba.